HALIN MUTUM JARINSA: MAGANA A KAN RUMBU DA KASUWAR KAKA

Ga shi kaka ta yi. Gero ya daɗe da shiga rumbu, dawa ta sunkuya tana jiran girbi, wake da gyaɗa sun fara cika kasuwannin ƙauye. Kowa fuskarsa a sake. Amma a cikin 'yan makonnin nan ne magidanci ke yanke shawarar abin da iyalinsa za su ci a watan Yuli da Agusta, ko da shi kansa bai lura yana yanke wata shawara ba.

A kowane ƙauye an san labarin maƙwabta biyu. Gonakinsu iyaka ɗaya, ruwa ɗaya ya sauka musu, damman da suka ɗaure kusan ɗaya. Marka na yi, sai a tarar ɗaya yana ɗiba daga rumbunsa, ɗayan kuwa ya bar gonarsa ga ciyawa ya tafi ƙwadago don ya samo mudun da za a tuƙa da dare. In an tambayi dattawa dalili, waɗansu su ce arziki ne, waɗansu su ce hali ne, halin mutum kuwa jarinsa. Arziki dai ba mai iko da shi sai Allah. Amma hali ana iya dubansa, a ga ta inda ya ke taɓa aljihu, a kuma ga abin da za a iya yi game da shi.

MAI GARAJE

A ɗauki misali. A ce manomi ya sami buhu 20 na hatsi, gidansa kuwa na cin buhu 12 daga kaka zuwa kaka. In ya fid da zakka, buhu 2, saura 18. Watau bayan abinci yana da rarar buhu 6, a ciki har da iri. Mai garaje ba ya yin wannan lissafi. Ya ga babur ya yi masa kyau, ko zancen ƙarin aure ya taso, sai ya kai buhu 10 kasuwa a makon da kowa ke kaiwa, lokacin da hatsi ya fi araha. Abin da ya rage masa buhu 8, abincin wata takwas ke nan. In ya fara ci a Nuwamba, rumbu zai ƙare a ƙarshen Yuni, daidai lokacin da aikin gona ya fi tsanani.

To, a ce farashi ya ƙaru da rabi kafin marka, abin da ba baƙo ba ne a kasuwannin Arewa. Kuɗin buhu 4 da ya sayar da kaka ba za su sayo masa buhu 3 ba, in ma kuɗin suna nan, alhali kuwa sun daɗe da tafiya. Hasara ta biyu ta fi wannan muni. Kwanakin da ya yi yana ƙwadago a gonar wani su ne kwanakin noman fari da maimai a tasa gonar. Ciyawa ba ta jiran kowa. Baɗi sai ya girbe ƙasa da na bana, ya sake sayarwa da wuri don ya biya bashi. Ta haka kuskuren mako guda ya kan bi mutum shekara uku ko huɗu.

Masana sun gwada wannan magana ta haƙuri. A ƙasar Niyu Zilan an bi rayuwar yara fiye da 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973, tun suna ƙanana har suka kai shekara 32. Rahoton da aka fitar a 2011 ya nuna waɗanda suka fi iya kame kansu tun suna yara, galibi su ne suka fi ajiya da ƙarancin rikicin bashi bayan sun girma, ko da an yi la'akari da bambancin kaifin basira da wadatar iyaye. Ashe abin da Hausawa ke faɗi a kan mai haƙuri ya jure wa awo.

BA DUK MAI SAYARWA NE MAI GARAJE BA

Amma fa a yi adalci. Sau da yawa a kan ji akawu ko ma'aikacin gona yana zagin manoma, wai ba su da hangen nesa. Mai faɗin haka ya kamata ya shiga gidan mutumin ya ga abin da ya kai shi kasuwa. Akwai mai bin bashi a zaure tun asuba, akwai mara lafiya a ɗaka, akwai kuɗin makarantar yara. Wanda aka zo karɓar bashin da ya ci da damina ba shi da zaɓin jiran bazara.

A 1967 wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kusa da Katsina, tana binciken tattalin arzikin manoman garin, littafinta kuwa ya fito a 1972. Ta tarar masu wadata su ne ke iya riƙe hatsi har ya yi tsada, matalauta kuwa su sayar da wuri su saya da tsada. Ta kuma tarar akwai waɗanda talauci ya kai su ga ba su iya noma gonakinsu yadda ya kamata, don neman abincin yini ya cinye musu lokaci.

Har ila yau, a ƙasar Indiya an yi wa manoman rake 464 gwajin natsuwa da lissafi sau biyu, sau ɗaya kafin girbi suna cikin matsi, sau ɗaya bayan an biya su. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna mutanen nan sun fi yin daidai bayan kuɗi sun shiga hannu. Mutum ɗaya ne, kai ɗaya ne, aljihu ne ya sauya. Watau damuwar rashi tana cin hankali, har ta sa wa mutum halin da ba nasa ba. Saboda haka kafin a ce wane ba shi da haƙuri, sai a tambaya ko an bar masa abin da zai yi haƙurin da shi.

MAI TSORO

Hali na biyu shi ne tsoron hasara. A 1979 waɗansu masana biyu, Kahneman da Tversky, suka nuna cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun kwatankwacinsa, daga baya aka ƙiyasta ya kai wajen ninki biyu. Haka 'yan Adam su ke ko'ina. Ga manomi kuwa, wanda kuskurensa yunwa ce, wannan tsoro sau da yawa hankali ne.

An daɗe ana yi wa manomin Hausa kallon wanda bai waye ba, don yana haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. A shekarun 1960 David Norman da abokan aikinsa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka shiga ƙauyukan Zariya suka auna abin da manoma ke yi. Suka tarar gonar da aka gauraya ta kan fi ta iri ɗaya kawo amfani a kowace eka, sa'an nan abin da ta ke kawowa bai cika hawa da sauka ba daga shekara zuwa shekara. In ruwa ya ɗauke da wuri gero ya riga ya nuna, in ya daɗe dawa ta yi kyau.

Tarihin gyaɗa ma shaida ne. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, Turawa auduga su ke fata, don masaƙun Ingila. Manoman Kano suka duba, suka zaɓi gyaɗa. Ta fi biya, ta dace da jigawarsu, sa'an nan in kasuwa ta ƙi ana iya cinta, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Daga 1912 gyaɗa ta fara kwarara tashar jirgi har ta ba Turawan mamaki. Waɗannan mutane ba su ƙi sabon abu ba. Sun karɓi wanda ya bar musu hanyar komawa in abin ya ɓaci. Fari na 1973 da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975 sun tuna wa kowa amfanin wannan hanya, domin wanda ya dogara ga gyaɗa kaɗai ya fi kowa shan wuya.

Inda tsoro ke zama illa shi ne in ya hana mutum ko da gwaji. Akwai manomin da zai shekara goma yana kallon maƙwabcinsa na girbe ingantaccen iri mai saurin nuna, shi kuwa yana cewa sai baɗi. Maganin wannan ba wuya. Ya ware kunya goma a gefen gona ya shuka sabon irin, ya yi musu aiki ɗaya da sauran, da kaka ya auna su dabam. In sun ƙi, bai rasa abincin gida ba. In sun yi, ya gani da idonsa, ba wani ya gaya masa ba.

MAI KUNYA DA MAI ROWA

An ce tsoro na daji, kunya na gida. Kunya ta cinye rumbu da yawa da gara ba ta taɓa ba. Kaka lokacin bukukuwa ne, ga gudummawa, ga suna, ga ɗan'uwa da ya zo da buƙata. Akwai mutumin da bakinsa ba ya iya cewa babu, ko da ya san abin da ya miƙa abincin watan Agusta ne.

Ba wanda zai ce a daina kyauta. Baya ga lada, alheri ajiya ne a hannun jama'a. Wanda ya saba taimako, ranar da shukarsa ta ƙone za a ba shi iri, ranar da ya kira gayya za a fito. Marowaci kuwa ya kan tsira da buhunsa ya rasa mutane, ranar da ciwo ya kwantar da shi da damina gonarsa ta zama saura. To amma akwai bambanci tsakanin taimakon mabukaci da kashe kuɗi don kada a ce wane ya gaza. Na farko yana dawowa. Na biyu da an watse daga biki ya tafi ke nan.

A nan mata sun fi maza dabara. Mace ta san kuɗin da ke ɗaure a bakin zane kowa na iya roƙonsu, sai ta mai da su akuya ko tunkiya. Ba a zuwa aron ƙafar akuya. Dabbar tana haihuwa, tana ba da taki, ranar larura ta gaske kuma a kai ta kasuwa.

ƊAN KASUWA DA AKAWU

Wannan magana ba ta manomi kaɗai ba ce. Ɗan kasuwa mai zari shi ma yana da nasa garajen. Ya ga bara masu ajiya sun ci riba, sai bana ya zuba dukan jarinsa, har da na aro, ya cika sito. Ya manta farashi ba alkawari ya yi wa kowa ba. A 2025 hatsi ya faɗi a kasuwannin Arewa, waɗanda suka tara kaya da tsada suna jiran ƙari suka yi hasara mai yawa. Ajiya tana biya a yawancin shekaru, ba dukansu ba, ga kuma kuɗin sito da ɓarnar ƙwari. Sa'an nan malamai sun bambanta tsakanin manomin da ya ajiye amfanin gonarsa don iyalinsa, da mai saye yana ɓoyewa lokacin da jama'a ke cikin ƙunci don ya matse su. Na biyun nan abin hani ne.

Halin da ya fi daɗewa yana biyan ɗan kasuwa shi ne amana. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya fara da fataucin goro a hanyar Gwanja kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano. Cinikin gyaɗa na wancan zamani a kan ba wakilai kuɗi ne su shiga ƙauyuka su sayo. Irin wannan ciniki ba ya tafiya sai an yarda da juna tun daga mai kuɗi har zuwa mai awo. Mai tauye mudu ya ci ribar yini, amma manomi ba ya manta rumfar da aka cuce shi.

Akawu kuwa kakarsa sau goma sha biyu ce a shekara. Ran da albashi ya fito shi ne girbinsa, ran ashirin ga wata ita ce markarsa. In bai sayi hatsin gida da kaka ba lokacin da ya ke da araha, ya kuma saba cin bashin mai kanti kafin ƙarshen wata, to ba shi da bakin yi wa manomi dariya.

SHIN HALI ZANEN DUTSE NE?

Haka a ke cewa, kuma akwai gaskiya a ciki. Wa'azin mako guda ba ya mai da mai garaje mai haƙuri. Amma mutum na iya sanin halinsa ya ɗaure hannun kansa tun yana da iko, kuma wannan ita ce hanyar da ta fi aiki.

An gwada haka a yammacin ƙasar Kenya. Manoman masara a can su kan ce za su sa takin zamani, amma lokacin sawa na zuwa sai a tarar kuɗin sun ƙare. Masu bincike, cikinsu har da Esther Duflo da Michael Kremer waɗanda suka sami lambar Nobel a 2019, suka je wa manoman nan da zarar an gama girbi. Suka ce wanda ke so ya biya kuɗin takinsa yanzu, ba ragi, za a kawo masa har gida kyauta. Rahotonsu na 2011 ya nuna masu sa taki sun ƙaru ƙwarai, kusan daidai da abin da aka samu da aka rage rabin kuɗin takin a tsakiyar damina. Ba a sauya halin kowa ba. An sauya ranar da a ke yanke shawara ne kawai.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Da, in an gama girbi, maigida ya kan liƙe rumbun gandu, samari su tafi cin rani, ba a buɗewa sai an koma gona. Adashi ma haka ya ke. Mai zubi ya san in kuɗin na hannunsa za su narke, shi ya sa ya ke miƙa wa uwar adashi. A Jamhuriyar Nijar, tun wajen 1999, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka wa ƙungiyoyin manoma da wani tsari. Manoma su tara hatsinsu da kaka a sito mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. A ba su wani kashi na kuɗin kayan su biya buƙatar kaka, su yi sana'ar rani, in sun biya a buɗe musu hatsinsu lokacin da ya yi daraja. Wanda ke gudun bashi mai ruwa yana iya ɗaukar dabarar kwaɗo biyun kaɗai, shi da maƙwabtansa amintattu.

Wani zai ce in ya ajiye wake ƙwari za su cinye. Da wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, leda biyu a ciki, buhu a waje. In wake ya bushe sosai, aka ɗaure kowane ruɓi dabam, iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. Ganga mai murfi da ke rufuwa gam ita ma tana yin wannan aiki.

ABIN DA YA KAMATA A YI KAFIN KASUWA TA GABA

Na ɗaya, kafin a ɗora buhu ko ɗaya a kan jaki ko mota, magidanci ya zauna da uwargida su ƙidaya abin da gida ke ci a wata, su ninka har zuwa sabon gero. Ita ce ta san mudun da ke shiga turmi. A fid da zakka, a ware wannan abinci, a ware iri, abin da ya saura shi ne na sayarwa.

Na biyu, wanda ya san kuɗi ba su kwana a hannunsa ya sayi takinsa tun da kaka, ya adana a wuri busasshe, ko ya mai da kuɗin dabba.

Na uku, wanda ya san shi mai kunya ne ya ware abin kyauta tun yanzu. In ya ƙare, ya faɗi gaskiya cewa ya ƙare.

Na huɗu, rarar da za a sayar kada a kai ta rana ɗaya. A kasa ta, wani kashi da kaka don buƙatar dole, wani da rani, wani da bazara. Mai yin haka ba zai sami farashin da ya fi kowane tsada ba, amma ba zai faɗa wa wanda ya fi kowane araha da dukan kayansa ba.

Hukuma da ƙungiyoyin gama kai su ma suna da nasu rabo. Takin da ya iso ƙauye a watan Yuli ya tarar da aljihu a bushe. In ana so manomi ya saya, a kai masa lokacin da ya ke da kuɗi. In ana so ya riƙe hatsinsa, a sama masa sito da rancen da zai raba shi da mai bin bashin kaka. Zagin halin talaka ba ya cika rumbu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Magidancin da zai ci daga rumbunsa a watan Agusta, a wannan watan zai shirya. Allah ya sa albarka a abin da aka girbe, ya kai kowa damina mai zuwa lafiya.